Idan injin tsaga katako ya guntule hannu: Abin da doka ta tanadar wa ma'aikaci a yankin Washington

Kogin Potomac ne ya raba jihar Virginia da jihar Maryland, kuma a bakinsa birnin Washington yake. Mai mota kan haye shi cikin 'yan mintuna. Sai dai ga ma'aikacin da zarton inji ya guntule wa hannu, gaɓar kogin da hatsarin ya same shi tana da tasiri sosai a kan diyyar da zai karɓa. Dokar Virginia ta ƙiyasta hannu, daga wuyan hannu zuwa yatsu, da biyan mako 150. A Maryland mako 250 ne, har da ƙari a kai.

Wannan bambanci ya samo asali ne daga yadda Amurka ta tsara lamarin. Gwamnatin tarayya ce ke shimfiɗa ƙa'idojin kare ma'aikaci kafin hatsari ya auku, amma idan ya riga ya auku, kowace jiha da dokarta ta diyya, da wa'adinta, da hukumarta. Ma'aikata da dama, musamman baƙi 'yan ci-rani, kan yi asarar haƙƙinsu saboda rashin sanin waɗannan dokoki, ko saboda sun bari wa'adi ya wuce.

Inda hatsarin yake

Babu manyan masana'antun tsaga katako a cikin birnin Washington kansa. Suna karkarar da ke kewaye da shi. Daji ya rufe kusan eka miliyan 16 na ƙasar Virginia, wato fiye da kashi 60 cikin 100 na faɗin jihar. A Maryland kuwa ana sare itace ana tsaga shi a yankin duwatsu na yamma da kuma gabashin mashigin ruwan Chesapeake. Daga can katakon ke shigowa shagunan kafintoci da wuraren gine-gine na unguwanni irin su Silver Spring da Hyattsville da Alexandria, inda baƙi daga Afirka da Latin Amurka ke da yawa.

Kafin gungume ya zama falanki yakan bi ta injuna da dama. Akwai mai ɓare ɓawo, da babban zarto mai kama da ɗamara wanda ke tsaga gungumen a tsaye, da mai gyara gefe, da mai datse tsawo, sai kuma injin da ke niƙe ragowar itacen. Sarƙoƙi da bel-bel ne ke jan katakon daga wannan inji zuwa wancan.

Haƙoran zarto su ne abin da kowa ke tsoro, amma hatsarin bai tsaya a kansu ba. Duk inda sarƙa ta haɗu da ƙafar da ke juya ta, ko inda ƙarafa biyu ke murzawa, wuri ne da zai iya fizgar safar hannu ko hannun riga, ya ja yatsu ciki kafin mutum ya ankara. Lokaci mafi muni shi ne sa'ad da katako ya maƙale. Aiki ya tsaya, ana jira, sai ma'aikaci ya zura hannu don ya zare abin da ya toshe. Da zarar ya cire, injin da ba a kashe ba ya ci gaba da juyawa.

Haka ta faru a watan Yunin 2023 a masana'antar Florence Hardwoods da ke jihar Wisconsin, inda injin jera katako ya danne wani yaro ɗan shekara 16 yayin da yake ƙoƙarin cire abin da ya toshe shi. Ya rasu bayan kwana biyu. Kamfanin ya biya tarar sama da dala 190,000 saboda ɗaukar yara aiki, alhali ƙa'idojin da ke ƙarƙashin dokar ƙwadago ta 1938 sun haramta wa wanda bai kai shekara 18 ba yawancin ayyukan wurin tsaga katako.

Ƙa'idojin kariya

A ranar 29 ga Disamban 1970 Shugaba Richard Nixon ya sanya hannu a dokar kare lafiyar ma'aikata a wurin aiki, wadda ta haifar da hukumar OSHA. Hukumar ta fara aiki ranar 28 ga Afrilun 1971, kuma hedikwatarta na cikin ginin Ma'aikatar Ƙwadago a Washington. Ita ce ke sa ido kan kamfanoni masu zaman kansu a cikin birnin. Maryland da Virginia na da nasu hukumomin, MOSH da VOSH, waɗanda dole ƙa'idojinsu su kai na tarayya ƙarfi ko su fi.

Ƙa'idoji biyu ne suka fi shafar guntulewar gaɓa. Ta farko ta wajabta a rufe duk sashen inji da ke juyawa ko yanka da murfi ko shinge, yadda hannu ba zai isa wurin ba. Ta biyu, wadda aka kafa a 1989, ta ce kafin a gyara inji, ko a share shi, ko a cire abin da ya toshe shi, sai an yanke masa wuta, an sa kwado a makunninsa, an rataya alama, mabuɗin kuma yana hannun wanda ke aikin. A ƙiyasin OSHA, bin wannan ƙa'ida kaɗai na hana mutuwar mutum 120 da raunuka 50,000 a kowace shekara.

Tun daga ranar 1 ga Janairun 2015 doka ta tilasta wa mai kamfani ya sanar da hukuma cikin sa'o'i 24 idan ma'aikaci ya rasa wata gaɓa, ko da kan yatsa ne kawai, sannan cikin sa'o'i 8 idan rasuwa aka yi. A shekarar farko an kai rahoton munanan raunuka 10,388 daga sana'o'i daban-daban, 2,644 daga ciki guntulewar gaɓa ce, kimanin bakwai ke nan a kowace rana. Adadin bai haɗa da jihohi irin su Maryland da Virginia masu hukumominsu ba, kuma OSHA da kanta ta ce mai yiwuwa rabin irin waɗannan raunuka ba a kai rahotonsu.

Ma'aikaci na da damar kai ƙorafi ga hukumar, ya nemi a ɓoye sunansa, a turo mai bincike. A 1980 Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da cewa yana iya ƙin yin aikin da ya yi imani zai kashe shi ko ya yi masa mummunan rauni, idan babu lokacin jiran hukuma. Wanda aka kora ko aka musguna masa saboda ya yi ƙorafi yana da kwana 30 kacal ya kai ƙara ga OSHA.

Masu fafutikar kare ma'aikata sun daɗe suna cewa hukuncin ya yi sauƙi. A 2025 tara mafi girma a kan babban laifi guda ita ce dala 16,550, na ganganci ko wanda aka maimaita kuma dala 165,514. Kuɗin tarar na shiga asusun gwamnati ne, wanda ya ji raunin ba ya samun ko sisi daga ciki.

Sa'o'in farko

Abin da aka yi a sa'o'in farko shi ke nuna ko za a iya mayar da gaɓar. Likitoci na ba da shawarar a kashe injin, a kira lambar gaggawa ta 911, a danne raunin da tsumma mai tsabta, a ɗaga hannun sama. Gaɓar da ta fita kuma a naɗe ta da bandeji mai ɗan laima, a sa a leda a ɗaure, sannan a ɗora ledar a kan ƙanƙara. Kada naman ya taɓa ƙanƙarar kai-tsaye, domin tsananin sanyi na kashe shi.

Yatsa ya fi jure jira saboda ba shi da tsoka. Yakan kai sa'o'i 12 ba a sanyaya shi ba, ko 24 idan an sanyaya. Hannu mai tsoka kuwa kusan rabin wannan lokacin yake da shi. Yanka mai kaifi ya fi sauƙin ɗinkewa a kan wanda inji ya murƙushe ko ya fizge.

A 1962 ne likita Ronald Malt ya jagoranci mayar wa wani yaro ɗan shekara 12 hannunsa a birnin Boston, sannan a 1965 likitocin Japan biyu, Komatsu da Tamai, suka mayar da babban yatsan da ya fita ɗungurungum. A yankin Washington, cibiyar Curtis da ke asibitin MedStar Union Memorial a Baltimore ta shahara a wannan aiki, kuma a 1994 Majalisar Dokokin Amurka ta ayyana ta a matsayin cibiyar ƙasa ta jinyar hannu. Likitoci kan dage wajen ceto babban yatsa, domin shi ke ɗauke da kusan kashi 40 cikin 100 na amfanin hannu.

Asalin tsarin diyya

Kafin ƙarni na 20, ma'aikacin da inji ya nakasa a Amurka sai ya kai ubangidansa kotu, ya tabbatar da sakacinsa. Galibi ba ya yin nasara, domin alƙalai kan ce ya san hatsarin aikin tun da ya karɓe shi, ko kuma laifin abokin aikinsa ne. Jamus ce ta fara sauya wannan a 1884, zamanin Bismarck, da inshorar hatsarin aiki. A Amurka, Maryland ta yi yunƙurin farko a 1902, amma kotu ta soke dokar a 1904. Dokar Wisconsin ta 1911 ce ta fara ɗorewa. A shekarar ce gobara ta kashe ma'aikata 146 a masana'antar ɗinki ta Triangle a New York, kuma cikin waɗanda suka ga abin da idonsu akwai Frances Perkins, wadda daga baya ta zama sakatariyar ƙwadago, ginin ma'aikatar ma sunanta aka sa masa.

Tsarin da aka amince da shi ciniki ne na ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda. Ma'aikaci zai samu magani da diyya ba tare da ya tabbatar da laifin kowa ba, ko da kuskurensa ne ya jawo hatsarin. Shi kuma ya haƙura da kai ubangidansa ƙara don neman diyyar raɗaɗi da baƙin ciki. Kamfanin inshora ne ke biya. A Maryland da birnin Washington, duk mai ma'aikaci ko da ɗaya ne sai ya yanki wannan inshora. A Virginia sai ma'aikata sun kai uku.

Abin da inshorar ke ɗauka ya haɗa da kuɗin asibiti da tiyata da gashin gaɓoɓi da hannun roba. Tana kuma biyan kashi biyu cikin uku na matsakaicin abin da ma'aikacin ke samu a mako, muddin ba ya iya aiki, zuwa wani iyaka da kowace jiha ke tsayarwa. Bayan nan sai diyyar gaɓar da aka rasa.

Farashin kowace gaɓa

Ƙayyade wa kowace gaɓa diyya ba baƙon abu ba ne ga wanda ya yi karatun fiƙihu a zaure. A littattafan mazhabar Malikiyya, cikakkiyar diyyar rai raƙuma 100 ce, hannu ɗaya rabinta, kowane yatsa kuma raƙuma 10, ba a fifita babba a kan ƙarami. Dokokin Amurka su ma jadawali suka yi, sai dai da makonnin albashi suke lissafi, kuma sun bambanta tsakanin yatsu gwargwadon amfaninsu a wajen aiki.

A Virginia babban yatsa mako 60 ne, manuni 35, na tsakiya 30, mai bi masa 20, ƙaramin yatsa 15. Hannu daga wuyansa mako 150, hannu gaba ɗaya har damtse mako 200.

A Maryland babban yatsa mako 100 ne, manuni 40, na tsakiya 35, mai bi masa 30, ƙaramin 25. Hannu daga wuyansa mako 250, gaba ɗaya kuma 300. Idan diyya ta kai mako 250 ko fiye, dokar jihar na ɗaukar ta a matsayin babbar nakasa, sai a ƙara kashi ɗaya cikin uku na makonnin.

Ma'aikacin gwamnatin tarayya na da jadawalinsa daban: mako 75 a kan babban yatsa, 244 a kan hannu daga wuyansa, 312 a kan hannu gaba ɗaya.

Yawan makonni kaɗai ba ya nuna yawan kuɗi, tunda abin da ake biya a mako ma ya bambanta. Wani bincike da kafofin ProPublica da NPR suka wallafa a 2015 ya gano cewa diyya mafi yawa a kan hannu gaba ɗaya a jihar Alabama ba ta kai dala 49,000 ba, alhali a Nevada ta haura dala 850,000.

A Virginia biyan albashin da aka rasa ba ya wuce mako 500, sai ga wanda ya rasa gaɓoɓi biyu a hatsari guda, kamar hannaye biyu, wanda za a biya shi har ƙarshen rayuwarsa.

Wa'adin da ba ya jira

Nan ne mutane suka fi yin asara. A Virginia sai ma'aikaci ya sanar da ubangidansa cikin kwana 30, sannan ya shigar da buƙatarsa gaban hukumar diyyar ma'aikata da ke Richmond cikin shekara biyu. A Maryland sanarwar cikin kwana 10 ce, ana son buƙatar ta isa hukumar da ke Baltimore cikin kwana 60, bayan shekara biyu kuwa ƙofa ta rufe. A birnin Washington sanarwa cikin kwana 30, buƙata cikin shekara ɗaya.

Sanar da ubangida ba shi ne shigar da buƙata ba. Wani kan ga kamfanin inshora na biyan kuɗin asibiti, ya ɗauka an gama komai, har wa'adi ya cika bai rubuta wa hukuma ba. Wani kuma ubangidan ne zai ce a rufa wa juna asiri, ya biya asibiti daga aljihunsa, ya yi alkawarin ci gaba da ba da albashi. Ranar da alkawarin ya warware, babu wata takarda da ke nuna a wurin aiki aka ji raunin.

Zaɓen likita ma ya bambanta. A Maryland da Washington ma'aikaci ne ke zaɓen likitansa, a Virginia kuwa ubangida ne ke kawo sunayen likitoci uku ya zaɓi ɗaya. Wannan na da muhimmanci, domin rahoton likita ne ke ƙayyade girman nakasar. Haka kuma dokar Virginia na iya hana diyya idan aka tabbatar maye ne ya jawo hatsarin, ko kuma ma'aikacin ya ƙi amfani da na'urar kariya da gangan.

Baƙi da marasa takardu

Tsoron hukumar shige da fice kan sa wasu su haɗiye raunin su yi shiru. Amma a duk sassan yankin uku doka ta amince mara takardar zama ma'aikaci ne. Babbar kotun Maryland ta yanke haka a 2005, ta birnin Washington a 2010. A Virginia kotun ƙolin jihar ta yanke akasin haka a 1999, sai majalisar jihar ta gyara dokar a 2000 ta shigar da su, ko da yake ta taƙaita wasu daga cikin abubuwan da za su iya samu.

Wata matsalar ita ce a kira mutum ɗan kwangila mai zaman kansa, a riƙa biyansa kuɗi hannu, don a kauce wa inshora. Hukumomin diyya ba sa tsayawa a kan sunan da aka ba shi. Sukan duba wane ne ke tsara masa lokacin aiki, wa ke ba shi umarni, kuma kayan aikin na wane ne.

Ƙarar wanda ya ƙera inji

Hanin kai ƙara ya tsaya ne a kan ubangida. Idan injin na da aibi tun daga ƙira, ma'aikaci na iya kai kamfanin da ya ƙera shi kotu, kuma a can yana iya neman diyyar raɗaɗi. A 2010 masu taya alƙali yanke hukunci a Boston sun ba wani mai aikin shimfiɗa daɓen katako dala miliyan 1.5, bayan zarton tebur samfurin Ryobi ya lalata masa yatsu. Hujjarsa ita ce akwai fasahar da za ta hana raunin, amma ba a sa ta a injin ba.

Fasahar ita ce wadda Steve Gass ya ƙirƙiro a 1999, ake sayar da ita da sunan SawStop. Tana gane taɓin fatar mutum ta hanyar lantarki, ta tsayar da zarto cikin ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. Hukumar kula da ingancin kayan masarufi da ke Bethesda a Maryland ta ƙiyasta cewa zarton tebur na guntule yatsu kusan sau 4,000 a shekara a ƙasar. Ta gabatar da shawarar wajabta irin wannan fasaha a 2017 da 2023, amma shawarar ba ta zama doka ba.

Komawa bakin aiki

Dokar kare masu buƙata ta musamman ta 1990 ta hana kamfani mai ma'aikata 15 ko fiye nuna wa mutum wariya saboda nakasa, kuma ta wajabta a yi masa sauƙin da ya dace, kamar sauya masa kayan aiki ko mayar da shi wani gurbi da babu kowa. Maryland da Virginia duka sun haramta korar ma'aikaci don kawai ya nemi diyya. Wanda ba zai iya komawa tsohuwar sana'arsa ba, tsarin diyya na da tanadin koya masa wata.

Akwai kuma raunin da ido ba ya gani. Yawancin waɗanda suka rasa gaɓa kan ji zafi a wurin da gaɓar take a da, wasu kuma kan yi fama da firgita da damuwa, har ƙarar inji ta gagare su ji. Ya kamata a gaya wa likita wannan tun da wuri domin ya shiga cikin rahoto.

A gida Najeriya

Irin waɗannan injuna na aiki a kasuwar 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano da garin Sapele na jihar Delta, sau da yawa ba murfi a kan zarto. Najeriya na da dokar diyyar ma'aikata ta 2010, wadda ta ce mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun hukumar NSITF, ita kuma ta biya wanda ya ji rauni ba tare da neman mai laifi ba. A Nijar hukumar CNSS ce ke da wannan alhaki.

Sai dai akasarin masu tsaga katako a ƙasashen biyu yaran gida ne da 'yan koyon sana'a da ba su da rajista a ko'ina. Idan tsautsayi ya faɗa wa ɗayansu, maigida kan biya kuɗin asibiti gwargwadon ƙarfinsa, shugabannin kasuwa su shiga tsakani, a ce ƙaddara ce, a rufe magana. Yaron da ya rasa yatsu huɗu yana ɗan shekara ashirin, shi da iyayensa ne za su ɗauki nauyin sauran shekarun.

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa kusan mutum miliyan uku ke mutuwa kowace shekara sanadiyyar hatsari ko cutar da aiki ya jawo, wasu miliyan 395 kuma na jin rauni. Ta ware ranar 28 ga Afrilu, ranar da OSHA ta fara aiki a Washington, a matsayin ranar kare lafiyar ma'aikata ta duniya.